Agogon Hannun Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Agogo goma sha ɗaya Baba ya tara, babu mai batir ko ɗaya. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ni ke murza su kowace safiya kafin ofis. Digiri biyu, ga inda suka kawo ni. Yaya ya kira ya ce, "Allah ya ba da lada." Gudummawarsa ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris
Na hannunsa ya sake tsayawa. Shi wannan ba ya murzuwa, motsin hannu yake ci. Shekara arba'in yana hagun Baba. Wai datti ne, in kai gyara.

Asabar, 8 ga Maris
Mai gyara ya buɗe, ya maƙala gilashi a ido, ya rufe. "Hajiya, agogo lafiyarsa ƙalau. Hannun ne ba ya tafiya." Wai a mayar da shi dama. Bai san Baba ba.

Na ce wa Baba datti ne, an wanke. Ya yi murmushin wanda ya ci gardama. In ya ji gaskiya zai daina zuwa motsa jiki a asibiti, yanzu ma da lallashi yake zuwa.

Talata, 11 ga Maris
Da ya shiga wanka sai in tsaya a falo ina kaɗa agogo, minti biyar. Kafaɗata.

Juma'a, 14 ga Maris
Na gaji.

Lahadi, 16 ga Maris
Ya kama ni. Ban ji sandarsa ba.

"Mamana, maganin tari ne kike jijjigawa?"

Na fara kame-kame. Ya ce tun yana kwance a asibiti ya sani, jira yake ya ga wa zai faɗa masa. "Ashe duk matsorata na haifa." Da hannu ɗaya ya yi ta fama da maɗaurin a hannuna, na bar shi har ya gama.

"Kin fi ni yawo. Riƙe min, zan karɓa. Gobe ƙarfe nawa ne asibitin?"

Laraba, 19 ga Maris
Ya yi min yawa, sai zamewa yake, kuma ba shi da kyau. Abokiyar aikina ta ce in kai a ƙara huda a maɗaurin. Na ce a'a, mai shi zai karɓa. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da aka juyo.

Da ƙafa na hau bene huɗu yau. Lif ɗin ne ba shi da sauri, shi ke nan.