Tawa Ce

Litinin, 12 ga Janairu

Yau na gane, a wurin addu'ar kwana tara da rasuwar mijina Eladio, ina cikin zuba wa baƙi kofi. Nicanor, uban baftismar 'yarmu, wanda suka fara wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, tare da Eladio a filin bayan injin rake, yana ba maza labari. Wai in an bugo ƙwallo ta yi sama can ƙarshen fili, Eladio kan ruga yana ihu, "Tawa ce! Tawa ce!" har masu sayar da gyaɗa su waiwayo. Aka yi dariya. Na ajiye butar.

Shekara goma sha huɗu yana faɗin wannan cikin barci, yana miƙa hannu. Ni kuwa in juyo in ce masa, "Taka ce, kwanta." Ashe ba da ni yake ba.

Talata, 13

Ƙwallo. Abar da ba ta kai lemo girma ba.

Juma'a, 16

Jakarsa ta iso daga Meziko. A can zuciyarsa ta tsaya, cikin motar ƙungiya. Riguna na ƙungiyoyi iri-iri, ba wadda ya daɗe a ciki: Meziko, Taiwan, Nikaragwa, wani garin Amurka da ban iya faɗin sunansa ba. Kowacce ta same shi wata shida, ni in samu ragowar, da ciwon gwiwa da wanki. Safar hannunsa ta fata, ta cafe ƙwallo, na ƙasan jakar, ƙwallo ɗaure a cikinta da igiyar takalmi. In yana gida ƙarƙashin katifarmu yake sa ta, wai don ta yi laushi. Mai yake shafa mata da yatsa, a hankali. Ban tuna ranar da ya shafa min mai a ƙafa ba. To, sau ɗaya, da cikin 'yarmu Yudelka.

Na jefa safar bayan ɗaki, wajen kaji.

Lahadi, 18

Bayan coci wata tsohuwa ta riƙe hannuna, wai ta ga ranar da Eladio ya cafe ƙwallo a saman katanga. Kowa yana da ranarsa da Eladio. Ni sau biyu na je kallo, daga kujerun can sama, ganguna suka cika min kunne, shi kuma ɗan ɗigo a nesa.

Laraba, 21

Nicanor ya zo da ayaba. Safar yake so, su rataye a bangon filin rake.

Na ce, "Je ka tambayi kaji, su ke riƙe da ita."

Ya ce, "Komadre," haka yake kirana tun baftismar, "mata na kishi da mata, ke kina kishi da fatar saniya?"

Na ce, "Saniyar ta fi ni zuwa ƙasashen waje."

Ya yi dariya har ya share ido. Ni ban yi ba. Na gaya masa maganar barcin, ban san me ya sa ba. Ya tambaye ni me nake ce wa Eladio in ya faɗa. Na faɗa. Ya juya hularsa a hannu.

Ya ce a can ƙarshen fili mutum biyu ke bin ƙwallo ɗaya, idanunsu a sama, ba mai ganin ɗan'uwansa. Wanda ya kira ba ya daina kira sai an amsa masa "taka ce", sannan ya san ba za a banke shi ba. Ya ce a Taiwan ba mai jin yaren Eladio, ya yi ta kira ba amsa, suka yi karo da ɗan wasan tsakiyar fili. Can ya karya ƙashin wuyan nan. Ni ce min ya yi santsin banɗaki ne.

Na ce, "To, sai me?"

Ya ce, "Ba komai, komadre. In kin amsa, yakan yi shiru?"

Na ce masa ayabarsa ba ta nuna ba.

Alhamis, 22

Yakan yi shiru. Nan take. Har ya sauke hannun a kaina.

Asabar, 24

An yi ruwa jiya. Na fita kwaso shanya ne kawai. Kaji sun tsattsage igiya ɗaya a jikin safar, fatar ta jiƙe ta yi nauyi. Yudelka ta gan ni da ita ta ce, "Mama, ba ke kika yar ba?" Na ce ta je ta duba wake kada ya ƙone.

Litinin, 26

Safar ta bushe, ta yi tauri kamar busasshen kifi. Gwangwanin mansa na cikin jakar, saura kaɗan. Ban iya ba, na dai yi yadda na ga yana yi, da yatsa. Hannuna ya shige ciki har wuyan hannu, da sauran wuri.

Na sa ta ƙarƙashin katifa. Katifar ta yi tudu ta ɓangarensa, kamar dā. Don ta yi laushi ne kawai.

Nicanor ya aiko a tambaya ko Lahadi zai zo ya karɓa. Ban ba shi amsa ba tukuna.