Ni na sa hannu aka sake buɗe kansa

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan.

Maigidana kafinta ne, mai sanyin hali. Da ciwon daji ya kama shi a ƙwaƙwalwa sai ya canza. Ya taɓa jifana da guduma ta fasa madubin ɗaki, da ya dawo hayyacinsa ya zauna cikin gilasan yana kuka. Ban riƙe shi a zuciya ba. An yi masa aiki, ya samu sauƙi wata takwas. Sai hoto ya nuna wani abu, likita ya ce ba za a tantance tabo ne ko ciwon ba sai an sake buɗe kan. Ni na sa hannu, ni na aske shi da hannuna. Bai farfaɗo ba.

Makon jiya ƙaninsa ya ji a rediyo wai ana iya bibiyar ciwon ta gwajin jini, ba sai an yanka ba. Ya ɓalle mini ƙofa da ƙafa, ya shaƙe ni gaban 'ya'yana, ya buga kaina da bango har haƙorina ya karye. Wai na kai yayansa mahauta, kuma zai dawo ya kwashe yaran. Anti, ranar sa hannun sau bakwai na kira shi bai ɗaga ba.

Dukan bai cin raina kamar tambayar nan: da na jira, da yana raye?

Maman Biyu

Maman Biyu, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Gwajin jinin nan gaskiya ne ana aiki a kansa, amma har yanzu yawancinsa bincike ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ba ya sakin alamarsa cikin jini sosai, shi ya sa gwajin bai maye gurbin hoto da tiyata ba. Ki koma wurin likitan tare da babba daga dangin mijinki, ya yi bayani kunnensa ya ji.

Ƙanin mijinki yana cikin zafin rashi, wataƙila kiran nan bakwai ne ke ƙona shi. Wannan bai ba shi wuyanki ba. Mijinki ciwo ya sa shi jifa, ƙaninsa kuwa lafiyarsa ƙalau. Yau ki je asibiti a duba ki a rubuta raunin, ki kai wa 'yan sanda, ki koma gidanku da yaran kafin ya dawo.

Kin sa hannu ne don ya rayu, a ranar da babu kowa a bakin ƙofar ɗakin tiyata sai ke. Allah ya raya miki yaran.