Baba Ba Zai Sake Hawa Hanyar Boulia Ba

Winton, Queensland
9 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Lachlan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali, kuma sanyin Hobart bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana 'yarka Imogen. Mu nan lafiya lau, sai dai fari. Tumaki sun rame, maigidana Graeme yana ta fama da injin rijiya, Gwaggo Glenys kuma gwiwarta ta yi sauƙi har tana zuwa coci da ƙafarta.

To Yaya, saƙonka ya iso, kuma ban gode ba. Shafi goma sha biyu na alƙaluman haɗurran jiha ka bugo ka aiko wa Baba, har da jan biro a ƙarƙashin layin da ya ce samari sun fi tsofaffi mutuwa a hanya. Sannu da ƙoƙari, malamin lissafi! Yanzu takardar na manne jikin firij. Duk wanda ya shigo shan shayi sai Baba ya nuna masa, ya ce ɗansa mai ilimi ya tabbatar ni ce mai son binne shi da ransa. Kwana tara ke nan bai ce mini uffan ba, ko gishiri yake so a tebur sai ya tambayi Graeme.

Tunda Baba ya ba ka labari rabi, bari in cika maka. A hanyar Boulia ka koyi tuƙi, ka san inda kwaltar take faɗin mota ɗaya. Ka san in tirelar shanu mai bodi uku ta taso, ƙaramar mota ce ke sauka kan tsakuwa ta tsaya, don tirela ba ta iya kaucewa. Baba ne ya koya mana, da rankwashi ma. Makonni uku da suka wuce muna dawowa daga gwanjon shanu, yana tuƙa a-kori-kurarsa ina gefe, na hango tirela tun daga nesa. Direban ya yi ta kira a oba-oba, Baba bai ji ba. Na ce ya sauka, ya ce wai kawalwalniya ce. Sai da na finciki sitiyarin da hannuna. Kafin nan direban ya riga ya jefa tayoyinsa kan tsakuwa, bodin baya yana kaɗawa kamar jelar saniya, ya wuce mu da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Ka san abin da Baba ya yi? Yatsa ya ɗaga masa daga kan sitiyari, gaisuwar hanya! Direban, bawan Allah, da ya samu ya tsaya, saukowa ya yi ya durƙusa yana amai, yana cewa 'ya'yansa uku a Cloncurry. Shanu biyu sun karye a cikin motarsa. Tun ranar na ƙwace makullin motar Baba, na hana shi tuƙi.

Wannan ba ya cikin takardarka, Yaya, domin masu ƙidayar nan sai an ji ciwo ko an mutu suke rubutawa. So kake sai mun shiga shafi na goma sha uku sannan ka yarda? Likita ya ce yanar ido ta rufe wa Baba idonsa na dama, na hagun ma ya kama hanya. Amma ka buga wa Graeme waya kana cewa son iko ne ke damuna, wai mutumin karkara ba mota fursuna ne. Ka ji mai gaya mini! Ni nake ganinsa kowace safiya yana zama cikin motar a rumfa, shi da karensa, hannu kan sitiyari, ba inda za su. Na shiga ɗaki na yi kuka ba sau ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa rabonka da gidan nan shekara huɗu, sai waya ranar haihuwarsa.

Abin da ka ji yana da nauyi a ambulan ɗin nan makullin motarsa ne, shi da na ajiya. Na gaji da zama muguwa ni kaɗai. In ka yarda da alƙalumanka, ka zo da Kirsimeti ka miƙa masa da hannunka, ka zaunar da Imogen a kujerar gaba, ya kai ta Boulia ya dawo da ita. In ka iya haka, wallahi na kama bakina har abada. In ba ka iya ba, ka ɗauki waya ka gaya masa gaskiya da bakinka.

Ka gaida matarka Bronwyn, ita ba ruwanta. Graeme da Gwaggo Glenys suna gaishe ku. Imogen kuma ka rungume mini ita, ka kalle ta da kyau kafin ka ba ni amsa.

Ƙanwarka,
Narelle