Mabuɗi Ya Riga Mota Zuwa Jega

Liba, daren Talata, cikin watan Rajab

Yau ma a Liba zan kwana, ƙafafuna duk sun kumbura.

Jiya da la'asar igiyar fankar motar kantin Baturen da nake wa direba ta tsinke mani a bakin garin nan. Mutane suka turo ta har ƙofar Baba Ɗanjuma, ya ba ni masauki. Na yi abin da kowane matafiyi ke yi, na damƙa wa mai masauki abin da na fi tsoron ɓacewa, wato mabuɗin motar.

Da safe na murɗa igiyar fata na ɗaura, ta zauna daram. Na nemi Baba in karɓi mabuɗi, matarsa ta ce tun asuba ya hau jaki ya tafi kasuwar Jega. Na bi shi a ƙasa ina ta zage-zage cikin raina. Ga fatun Bature jibge cikin mota, ga aikina da nake jin ya tafi.

Na iske shi wurin masu gero. Ya zaro mabuɗin daga cikin layun wuyansa ya ce, "Ɗana, ai amana ba a barin ta gida."

Na karɓa, na sake takowa a ƙasa har Liba. Gobe Bature zai tambaye ni abin da ya tsai da ni kwana biyu, kuma ban san yadda zan gaya masa ba. Shi ya ba ni mota. Tsohon nan kuwa ko sunana bai tambaya ba, ya rataya kayana tare da layunsa.