Abin Da Ya Sami Muryata

Maman yara,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jego, ya jaririya? Ki gaida min Inna.

Na san ranki ya sosu ranar da kika yi min albishir a waya, na ce "madalla" kamar mai karanta takardar magani. Na ɓoye miki ne, watan jiya na faɗi a shagon ɗinki. Likita ya ce jini ne ya ɗan toshe a ƙwaƙwalwa. Hannuna lafiya lau, ina taka keken ɗinkina. Muryar ce ta zama bai ɗaya, ko murna nake ko fushi.

Wallahi da na ajiye wayar kuka na yi. Idan na kira, ki kara wa jaririyar wayar a kunne, ta saba da babanta yadda yake.

Allah ya raya mana ita.

Mijinki