Inna Ba Ta Ji Shigowarka Ba

Baban yara,

Yau aikin safe gare ni, ban so in tashe ka ba. Na cire motar daga caji, ta cika.

Jiya da yamma kana waje kana nuna wa yara kujerun fata da rufin gilashi, Inna na zaune a falo, abincinta a rufe. Na ce ta ci, ta ce sai ka dawo. Na ce ai ka daɗe da shigowa. Ta ce, "Ke dai! Ni ban ji motarsa ba."

Ashe tun da idonta ya yi rauni, da tarin injin tsohuwar akwalar motarka take gane ka iso gida lafiya. Wannan ta lantarkin kuwa shigowa take kamar kyanwa.

Mota ta yi kyau, wallahi, ba mai cewa ta hannu ce. Na janye duk mitar da na yi maka. Amma don Allah, in ka iso ƙofar gida yau, ka danna hon sau biyu. Na gaya mata sabuwar sallamarka ke nan. Ta ce za ta kasa kunne.

Maman yara