Jar Amarya Mai Kwaɗayi

Zuwa ga jikana, angona Lonwabo, can Pretoria,

Kafin gaisuwa, cinko mini wannan: wace amarya ce ja, ba ta kai ƙwayar wake ba, in ta shafi farin ƙarfe sai ta lasa, ta yi ƙiba, ta dawo tana ƙarya?

To, yanzu ina gaishe ka da kyau. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare mini kai. Mu nan Kariega lafiya lau, sai gwiwata da ke ta tsegumi.

Uwarka ta ce injin awon da aka ba ka a masana'antar motoci yana yi maka wasa: da safe awo daidai, da yamma ya kauce, har shugabanka ya ce in wata ya ƙare a haka, ka nemi wani aikin. Ran nan na yi mafarkin injin nan. Ya zama zalɓe fari a bakin kogin Swartkops, yana takawa a hankali, yana taɓa ruwa da bakinsa, taɓa nan, taɓa can, ruwan ko motsi ba ya yi. Kai kuma kana tsaye cikin hazo da guntun wandon makaranta, kana kiransa, bai waiwayo ba.

Na ba Zukiswa labari tana tsince waken umngqusho, dafa-dukan masara da wake. Eh, ita dai, 'yar kawunka da ka daina yi wa magana tun da ta riga ka shiga ɗakin awo. Ta yi dariya har wake ya zube. Ta ce wai babban kai, da ya buga mata waya da tuni ya huta. Na ce ta bar mini mijina, ni kaɗai ke da izinin zaginsa. Sai ta tambaya ko alminiyam kake aunawa, kuma ko tsinken da injin ke taɓa ƙarfe da shi yana gogar jikinsa. Na ce ni ina na sani, amma uwarka ta ce haka ne.

'Yan'uwanka Vuyisile da Nontsikelelo suna gaishe ka. Zukiswa ta ce ba ta gaishe ka ba, amma wayarta a kunne take.

Kakarka, amaryarka ta fari,
Makhulu Nomvuzo

Amsar kacici-kacicin ita ce jar ƙwayar yakutun da ke bakin tsinken awonka. Alminiyam yana manne mata, ta yi ƙiba, awo ya kauce. Zukiswa ta ce ka cire ta, ka sa baƙar ƙwaya wadda alminiyam ba ya manne mata, a gajeren tsinke mai kauri.